Kira Uku a Kan Dutse

Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana a gabana ba. Ni ce 'yar farinta, kuma a cikin birnin Zariya, a gidaje irin namu na Limancin Kona, wannan ba abin mamaki ba ne ga matan zamaninsu. Kunyar ɗan fari ce. Ba ta kiran sunana, ba ta zama tabarma ɗaya da ni in da mutane, in aka yabe ni a gabanta sai ta miƙe ta shige ɗaki kamar an zage ta. Ana yaye ni aka miƙa ni sashen kakata ta wajen uba, a cikin gida ɗaya, guntuwar katanga da rijiya ne kawai a tsakaninmu. Ƙannena Umma suke ce mata. Ni kuwa Yaya na tashi ina ce mata, yadda na ji ƙannenta suna faɗa, kuma ba wanda ya taɓa gyara min.

In tana nemana sai ta ce, "Ke." In ba na kusa, ta aiki wani ya kira mata waccan. Akwai wata maƙwabciyarmu mai sayar da ƙuli-ƙuli da muke suna ɗaya, baiwar Allah ita ma abin ya shafe ta, don har ta bar unguwar "mai sunan waccan" Yaya take ce mata.

Mutane suna cewa ai wannan ita ce ƙauna ta gaskiya, wadda ake ɓoyewa. Su suka sani. Ni dai abin yana ci min rai, kuma ni ba mai haɗiye magana ba ce, tun ina ƙarama aka san ni da baki. Na yi karatu, na zama malamar makaranta, na yi aure a Kusfa, na haihu. In na kai yarana gida sai in tsaya a tsakar gida in ƙwala wa ɗan farina kira da cikakken sunansa, sau uku sau huɗu, ko da yana tsaye a gefena, don dai ta ji. Ko a jikinta. Iyakaci ta girgiza kai ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Kakata ita ta raine ni, ita kuma ta cika min kai da dokoki. Da yamma mukan hau saman soro shanya kuɓewa, daga can ana hango duwatsun Kufena. Sai ta nuna su da haɓa ta ce min duwatsu da masu su, kamar yadda kowane gida yake da masu shi. In ka je, ka yi sallama. In kana daji ko kan dutse ka ji an kira sunanka, kada ka kuskura ka amsa sai ka ga fuskar mai kiran, domin sukan ari muryar wanda ka fi so su kira ka da ita, kuma wanda ya amsa sai ya bi. Da na shiga jami'a na yi ta ba ƙawayena wannan labari muna dariya. Ashe dariyar a baki ta tsaya, maganar tana nan zaune a cikina.

Shekara biyu bayan rasuwar mahaifinmu, ƙanena da ke aiki a Jos ya matsa sai mun zo masa hutu. Lokacin damina ce, makarantu suna dogon hutu. Damuwarsa Yaya ce, wadda tun da ta fita takaba ba ta wuce zaure ba sai in gaisuwar mutuwa ta kama. Ya ce akwai wani wurin shaƙatawa a cikin duwatsu bayan gari, mutane suna zuwa da iyalansu su hau dutse su ci abinci a kan ciyawa, iskar wurin kaɗai magani ce. Yaya ta ce ita ba ta ga abin da ta ajiye a kan dutse ba, in kallon dutse ne ga Kufena nan kyauta. Sai da ya haɗa ta da ƙaninta kafin ta yarda. Ni aka ce in raka ta, tunda ni ce babba. Ranar tafiya ta haɗa kaya kamar mai zuwa aikin Hajji: dambun nama, tabarma, buta biyu, bargo, har da ƙullin kanwa wai ko ruwan garin bai karɓe ta ba.

Mu uku muka je wurin, ni da ita da ƙanena, don matarsa tana jego. Gaskiya wuri ne mai kyau, ba zan ci amanarsa ba. Ciyawa shar, duwatsu an ɗora wani kan wani kamar tulin kwanukan amarya, ga sanyi mai shiga ƙashi da tsakar rana. Ranar aiki ce, ba kowa sai mu da mai yankan tikiti a bakin ƙofa, sai wani ma'aikacin wurin, magidanci mai takalmin ruwa, wanda aikinsa raka masu hawa. A gindin dutsen akwai rumfar kwano da bencuna na siminti. Nan Yaya ta ce za ta zauna, gwiwoyinta ba na hawa ba ne. Kafin ta shiga rumfar, wadda ko kaza babu a ciki, sai da ta tsaya ta yi sallama. Ƙanena ya yi dariya ya tambaye ta wa take gaisarwa. Ba ta kula shi ba, ta shimfiɗa tabarmarta ta ciro carbi.

Za mu tafi ke nan ta kira ƙanena da sunansa, ta ce ya kula da santsi. Sannan ta ƙara da cewa ya faɗa wa waccan ta ɗaure mayafinta da kyau, iska tana da ƙarfi. Ina tsaye a gabanta, in na miƙa hannu zan taɓa ta. Shekarata arba'in da ɗaya, da furfura a goshina. Ban san abin da ya hau kaina ba.

Na ce, "Yaya, ga ni fa a gabanki. Ina da suna."

Ta kawar da kai ta ci gaba da jan carbinta. Ƙanena ya ce, "Haba Malama, yau kuma?" Haka yake kirana in yana so ya sanyaya ni. Na juya na kama hanya.

Da fushi na hau dutsen nan, kuma mai fushi ba ya jin gajiya. Ma'aikacin yana bayana yana cewa in bi farin fentin da aka shafa a jikin duwatsu, kada in kauce masa, don gajimare a nan ba ya sallama in zai sauko. Na ji shi sarai, na yi biris. Ƙanena kuwa sarkin hoto ne, kowane dutse sai ya tsaya an ɗauke shi, har na yi musu nisa. Da na kai wani wuri mai faɗi sai na bar layin fentin na zaga bayan wani ƙaton dutse, don hawaye sun taho min kuma ba na so ƙanena ya gani. Na zauna na yi kukana, na fyace hanci, na ce da kaina ke ma dai ba ki da aikin yi.

Da na ɗago kai, garin da nake hangowa a ƙasa ya ɓace. Wani farin abu ne yake tahowa a kan ciyawa, a hankali, ba iska ba ƙara. Kafin in gyara mayafina ya iso ni ya wuce. Na miƙa hannuna, da kyar nake ganin yatsuna. Ban taɓa sanin rana tsaka za ta iya zama haka ba, ba duhu, amma ba ka ganin komai. Tsuntsayen da suke ta kuka tun hawowarmu suka yi tsit gaba ɗaya. Na ƙwala wa ƙanena kira, muryar ta tsaya a bakina kamar na yi magana a cikin matashin kai. Na duba waya, ba sabis. Na yi niyyar komawa inda fentin yake, sai na ga ban ma san ta ina na zago ba. Na koma na jingina bayana da dutsen, na kama Ayatul Kursiyyu, ina kaiwa tsakiya in rikice in sake daga farko.

Ina cikin haka na ji an kira sunana.

Daga ƙasa kiran ya zo, ta hannun hagu, da nisa sosai. Cikakken sunana, na yanka, ba guntun da kowa yake kirana da shi ba. Muryar Yaya ce. Na san muryar uwata ko a cikin kasuwa. Amma a karye ta fito, da kaushi, ba daɗin ji, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Wallahi bakina ya buɗe da kansa, na'am ta zo min har maƙogwaro. Sai wani tunani ya dake ni: Yaya? Yaya da ko ɗazu ta kasa, a gaban ɗanta kaɗai? Matar da ta sauya wa mai ƙuli-ƙuli suna saboda ni? Maganar kakata ta dawo min tiryan-tiryan, har da yadda take nuna Kufena da haɓa. Na cusa gefen mayafina a baki na cije.

Shiru ya dawo. Ruwa yana taruwa a girata yana ɗiga, alhali ba ruwan sama ake yi ba.

Kira na biyu ta hannun dama ya zo, kuma ya matso. Muryar ita ce dai, amma wannan karon a natse, ba gaggawa, irin yadda take kiran autarmu in an sauke tuwo. Na runtse ido, ko da yake rufewa da buɗewa duk ɗaya ne a wurin.

Na ukun bai fi taku kaɗan daga inda nake ba. A hankali aka faɗe shi, da rarrashi, aka ja ƙarshensa kamar ana shafa kaina. Ba zan yi ƙarya ba, ban taɓa jin abu mai daɗi irinsa ba. Abin da nake jira ke nan tun ina leƙen sashenta ta kan guntuwar katanga. Tsoron ma sai ya sake ni. Na miƙe tsaye. Na yi taku ɗaya wajen muryar, na yi na biyu, mayafin yana bakina har lokacin. A taku na biyun takalmina ya zame a kan jiƙaƙƙen dutse na faɗi zaune, zafin faɗuwar ya dawo da ni hayyacina. Da baya na ja jiki na koma jikin dutsena na ƙanƙame gwiwoyina. Ba a sake kira ba.

Ban san iya lokacin da na ɗauka a haka ba. Ƙanena ya ce ya fi awa ɗaya. Yadda gajimaren ya zo haka ya tafi, ya yaye kamar an janye labule. Na dubi hannun dama, inda aka yi min kira biyu na ƙarshe. Taku biyar, in ya yi yawa shida, dutsen ya ƙare. Rami ne mai zurfi, saman bishiyoyi kawai nake gani a can ƙasa. Ba wurin da mutum zai tsaya. Ga sawun zamewar takalmina a kan gansakuka, ya nufi can.

Jim kaɗan na ji usur, sai ga ma'aikacin da ƙanena sun ɓullo, ƙanena idanu jajur. Ya hau ni da faɗa, ni da na goya shi. Da muka kama sauka na matsa kusa da ma'aikacin na tambaye shi ko murya daga rumfar ƙasa tana iya kaiwa inda suka same ni. Ya ce da wuya, wurin da nisa. Na tambaye shi ko akwai hanya ta wajen ramin. Ya ce ko akuya ba ta bi ta nan. Ya dube ni, ya ɗan jima, sannan ya tambaya ko na amsa. Ban faɗa masa an kira ni ba. Na ce a'a. Ya ce to mu sauka, Hajiya, kuma bai ƙara magana ba har ƙasa.

Mun sami Yaya a rumfa, a kan tabarmarta, inda muka bar ta. Amma takalmanta sun yi kaca-kaca da jan laka, zaninta a jiƙe har gwiwa, tafin hannunta na dama ya goge yana tsattsafar jini. Ba ta dube ni ba. Ƙanena ta kalla ta tambaye shi ko an ga waccan, ina tsaye a gabanta, da wata murya a dishe. Ya ce ga ta nan. Ta ce to a naɗe tabarma, la'asar tana wucewa. Da ya tambaye ta hannunta, ta ce alwala ta je yi santsi ya kwashe ta. Dambun naman nan ko buɗe shi ba mu yi ba, haka muka koma da shi.

Shekara shida ban tambaye ta ba. Ni mai baki, ni da ba na kwana da magana. Sau da yawa nakan taso daga Kusfa da niyyar yau sai na tambaya, in zo in same ta tana yankan alayyafo, in gaishe ta ta amsa tana kallon wuƙa, in koma da abata. Tsoron amsar nake yi. In ta ce ba ta kira ba, to akwai wani abu a kan dutsen can da ya san sunana na yanka, ya kuma san abin da zuciyata take so. In ta ce ta kira, to uwata ta kira ni sau ɗaya a duniya na toshe bakina. Ban san wanda ya fi sauƙin ɗauka ba. Tun daga lokacin kuma na daina ƙwala wa ɗana kira a tsakar gidanta.

Da ciwonta na ƙarshe ya kwantar da ita, ni na dawo gida jinya. Abin dariya, duk 'ya'yan da take kira da sunayensu suna nesa, waccan ce a kusa. Wata ranar Laraba bayan la'asar ana yayyafi, ina shafa mata man zafi a gwiwoyi, daga ni sai ita a ɗakin. Ƙafafun sun zama kamar sillen kara. Na ga in ban tambaya yau ba, shi ke nan.

Na ce, "Yaya, ranar da muka je dutsen nan na Jos, na ji an kira sunana da muryarki."

Na ci gaba da shafa mata man. Can ta ce, idonta a kan rufin ɗaki, "Sau nawa kika ji?"

"Sau uku."

Na ji gwiwarta ta motsa a ƙarƙashin hannuna. Leɓunanta suka yi motsi, addu'a take yi. Sannan ta ce, "Ni sau ɗaya na kira."

Na ajiye man zafin. Ita ta ci gaba, a hankali, tana hutawa tsakanin kalmomi. Ta ce da ta ga farin abin ya rufe dutsen, ta ji usur ɗin ma'aikacin yana ta tashi ba ƙaƙƙautawa, ta san ni ce na ɓace, don ta ga yadda na tafi. Ta fito ta kama hawa, da hannu da gwiwa, har inda ƙafarta ta ƙi. Ta duba gabas da yamma ba kowa, ba mai jin ta. Ta ce sai da ta gwada sau biyu sunan ya ƙi fita, a na uku ya fita.

"Ba ki amsa ba," in ji ta. "Na ce ai ba laifinta ba ne. Ba ta san muryata da shi ba."

Na kifa kaina a kan katifar na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da mahaifinmu ya rasu. Ba ta hana ni ba, ba ta kuma taɓa ni ba. Da na samu numfashi na ce mata ta sake kira yanzu, ga ni, zan amsa. Na roƙe ta. Ta juya fuskarta wajen bango.

Ta ce, "Ke, rufa min ƙafafuna, sanyi nake ji."

Na rufa mata. Kwana tara bayan nan ta rasu, da hantsi.

Ban tambaye ta wanne ne nata a cikin ukun ba, ba sai na tambaya ba. Na farkon ne, mai kaushin nan mara daɗi, na matar da ta hau dutse da rarrafe. Shi na cusa mayafi a baki na ƙi amsawa. Wanda na miƙe tsaye dominsa, har na yi taku biyu, na ukun ne, mai daɗin, wanda ya fito daga bakin rami. Wannan shi ne abin da har yau in na tuna nake jin kunyar kaina.

Ƙanena ya sha cewa in kawo yara hutu su ga duwatsu. Nakan tura su, in ce su bi fenti, su riƙe hannun juna. Ni ban koma ba.

Bayan an share makoki, ni aka bar wa kwashe kayan ɗakinta. Da rana ne, gidan ba kowa, duk sun tafi raka baƙi. Na naɗe tabarmar nan da ta je da ita Jos, na jingine ta a bango. Na tsaya a tsakiyar ɗakin, na ce da ƙarfi, yadda za a ji har tsakar gida, "Na'am, Yaya."

Ɗakin ya yi tsit. Sai na tuna ban ga fuskar kowa ba. Na ɗauki tabarmar, na ja ƙofar na fito da sauri.